Alƙalan da Ba Su Zo Ganin Iyaka Ba

Ciwon gwiwa ne ya kawo Baba wurina a Doha. An yi masa aiki a ta dama, likita ya ce maganin da ya rage shi ne tafiya, kullum, ko yana so ko ba ya so. Lokacin sanyi ne, saboda haka in na tashi daga aikina na ɗakin gwajin jini, sai in biya gida a unguwar Nu'aija in ɗauko shi mu nufi Corniche, doguwar hanyar nan ta bakin teku, mu yi ta takawa har a kira magariba. Shi da sandarsa, ni da 'yar kujerar naɗewa a kafaɗa. Dogayen benayen West Bay da kowane baƙo ke ɗaga kai yana kallo ba su taɓa burge shi ba. Jiragen katakon da ke ɗaure a bakin ruwa su yake tsayawa dubawa, yana kushe ɗaurin igiyarsu, don shi masunci ne tun kafin a haife ni.

Duk wannan tafiya da muke yi, akwai maganar da ke cina a rai na rasa ta inda zan ɓullo mata. Baffa, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya, yana kwance can bakin Tafkin Chadi. 'Yarsa tana turo mini saƙon murya a waya: cikinsa ya kumbura, ƙafafu sun kumbura, abinci sai an lallaɓa. Aikin asibiti nake yi, na san abin da irin wannan bayani yake nufi. Ga shi kuma Baba ya fi shekara ashirin bai yi wa ƙanen nasa magana ba. A gidanmu ko sunan Baffa ba a ambata. Tsorona ɗaya ne, kada a binne mutumin nan yayansa bai ce masa ko sannu ba.

Asalinmu ƙasar Haɗeja ne. Su Baba suna samari suka bi ruwa zuwa tafki, shi da Baffa, da taru ɗaya da kwale-kwale na haya. A shekarun nan ruwan tafkin janyewa yake yi, masunta kuma suna bin sa. Inda ruwa ya bari, ƙasa ce baƙa mai laima, ka jefa wake ko masara ta fito ba ruwan sama. Sai mutane su kafa bukkoki, bukkoki su zama gari. Haka garinmu ya kafu, a nan aka haife ni. Muna da makarantar firamare ta Najeriya, da ɗan ofishin 'yan sanda, kuɗinmu naira. Ba wanda ya taɓa ce mana a bin ruwan nan mun tsallaka wani layi, don a cikin tafki ba a ganin layi.

Da yake Baba yana cikin waɗanda suka fara sauka, shi ake kira in an yi rikicin iyakar gona. Yadda ake yi kuwa sananne ne. Alƙali ko mai gari ba ya yanke hukunci daga zaure. Sai ya tashi ya je gonar da ƙafarsa, a tara maƙwabtan gabas da yamma, kudu da arewa, a kira dattawan da suka ga ranar da aka fara sa fartanya a wurin, kowa ya faɗi abin da ya sani. Sannan a nuna iyaka, a dasa wani abu, a shafa fatiha. Wannan ita ce shari'ar ƙasa a wurin Baba, bai san wata ba.

To, da aka ji a rediyo cewa Kamaru ta kai Najeriya ƙara kotun duniya a kan iyaka, kuma har da garuruwanmu na tafki a ciki, Baba ko gezau bai yi ba. Cewa ya yi madalla, ai gara a zo a gani. Ya tabbata alƙalan za su zo. Ya riƙa tara dattawa bayan la'asar suna bitar wa ya fara sauka, wa ya biyo, ina ruwa ya tsaya a wace shekara, don kada ranar shaida baki ya saɓa. Ina 'yar makaranta a lokacin, ina jin su. Har gardama suka yi a kan gidan da za a sauki baƙin da irin kifin da za a dafa musu. Shekara ta bi shekara, ba alƙali, ba ɗan aiken alƙali. Wata rana sai rediyon da ya kawo labarin ƙara ya kawo na hukunci: garinmu na Kamaru ne.

Aka ce mai son zama ya zauna, mai son tashi ya tashi. Baba ya ce zama a wurin daidai yake da sa hannu a hukuncin da ba a ji ta bakinka ba, shi kuwa ba zai yi ba. Ya kwashe mu muka dawo Haɗeja. Baffa bai biyo mu ba. Daga nan Baba ya shafe shi, ya ce wanda ya zaɓi tutar wasu a kan ɗan'uwansa ya je ya ci tutar.

Ni ce babbar 'yarsa, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma ina samun sararin faɗa masa abin da ƙannena ba sa iyawa. Taurin kai ma nasa na ɗauko, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai na yanke shawarar in bi ta hanyar ilimi. Tunanina shi ne, in ya fahimci yadda kotun nan take aiki, zai huce da hukuncin, in ya huce da hukuncin zai huce da Baffa. Na zauna na karanta abin da zan iya karantawa, na shirya kamar mai shiga jarrabawa.

Wata la'asar, da ya gaji na buɗe masa kujera yana fuskantar ruwa, sai na fara. Na ce masa kotun nan ba ta mutane ba ce, ƙasa da ƙasa kaɗai ke tsayawa a gabanta, kuma ba ta taɓa shari'ar ƙasar da ba ta amince da hurumin kotun ba tun farko. Na ce kowace ƙasa lauyoyi take ɗauka su rubuta hujjojinta, ɗayar ta karanta ta mayar da martani, a yi ta musayar takardu shekara da shekaru, da taswirori da tsofaffin yarjejeniyoyi, kafin a zo ranar da za a tsaya a yi magana da baki. Alƙalan daga ƙasashe daban-daban suke, ƙasar da ba ta da nata a cikinsu ana ba ta dama ta zaɓi wanda zai zauna mata a wannan shari'ar. In sun gama saurare sai su kaɗa ƙuri'a, rinjaye ya zama hukunci, babu ɗaukaka ƙara.

Yana ji, yana buga sandarsa a hankali a kan dutse. Ya tambaye ni ko kotun tana da 'yan sanda. Na ce ba ta da ko ɗaya, ƙasar da aka kayar ita ke cika hukunci da kanta saboda ta yi alkawari, in ta ƙi sai dai a kai kukanta majalisar ƙasashen duniya. Ya yi wata 'yar dariya, ya ce ashe kotun da ba ta da ko ɗan doka ce ta tashe shi daga gidansa.

Da na tsaya nan da an rabu lafiya. Amma bakina bai iya birki ba. Na ce masa ai ba a manta da su ba, lauyoyin Najeriya sun faɗa wa kotu cewa mutanenmu ne a wurin, ga makaranta, ga 'yan sanda, ga haraji. Kotu ta ce ta ji, amma Turawan Ingila da na Faransa sun riga sun ja layin a takarda tun kafin ruwa ya janye, kuma inda akwai takardar mallaka, zama a wuri ba ya ture ta. Sannan na kawo misalin da nake ganin shi ne gwanintata. Na ce, Baba, kai da kanka ka sha yanke wa mutane cewa daɗewa a gonar aro ba ta mai da ita taka.

Sandar ta daina bugu. Ya juyo ya dube ni.

"Uwata, aro kika ce? A hannun wa na ara? Ruwa na tarar a wurin. Bature ya taɓa shan ruwan tafkin nan?"

Ya miƙe ba tare da ya jira na kama shi ba, ya nufi mota yana ɗingishi. Na ji haushin kaina, na ji haushinsa, na kuma ji haushin maigidana da ya ce mini daga baya, cikin sanyin muryarsa ta injiniya, ai da na tambaye shi da ya ce kada in ambaci aro. Shi da ko haɗa ido da surukinsa ba ya iya yi, sai bayan an gama ɓarna yake da shawara. Kwanaki Baba ya ƙi Corniche, ya ce masallacin unguwa ya ishe shi tafiya.

A masallacin ne ya yi aboki. Wani dattijo ne ɗan ƙasar, gidansa yana bayan namu, shi ma da sanda, shi ma a kan kujera yake salla. Baba ya iya Larabcin Shuwa tun zamanin cinikin banda a tafki, dattijon kuma Larabcinsu na nan yake yi. Rabin maganar kowa ke faɗuwa ƙasa, amma ba ya hana su. Da suka gano cewa dukkansu 'ya'yan ruwa ne, mahaifin dattijon ma a jirgi ya ƙare rayuwarsa, shi ke nan aka ɗinke. Kullum bayan la'asar sai su zauna a ƙofar gidan dattijon a kawo musu gahawa da dabino. Baba ba ya son gahawar, ya ce ɗaci ba dalili, amma yana sha saboda kara.

Ran wata Juma'a, da ba ni da aiki, na kai masa maganinsa can, sai ya ce in tsaya in yi musu tafinta, akwai abin da dattijon ke faɗa da bai kama ba. Larabcina na asibiti ne, na tambayar ina ke ciwo da miƙo hannu, amma na ja kujera gefe na zauna. Ashe Baba ne ya ba shi labarin garinmu, shi kuwa ya ce ai su ma an yi musu.

Ya ce akwai wasu tsibirai a yammacin ƙasar nan, kusa ƙwarai, in ka tsaya a gaɓa kana hango su. Mahaifinsa ya sha kamun kifi a kewayensu. Su da maƙwabciyarsu Bahrain kowa ya ce nasa ne, aka daɗe ana ja, har akwai lokacin da aka fito da sojoji. Daga baya aka tafi wannan kotun dai. Aka shekara wajen goma. Da hukunci ya fito, tsibiran aka ba Bahrain, saboda wata shawara da Turawan Ingila suka yanke tun zamanin iyayensu. Su kuma aka tabbatar musu da wani tsohon gari na bakin teku da wancan ɓangaren ke nema, da wasu 'yan wurare a ruwa.

Baba ya gyara zama. Ya ce in tambaye shi, alƙalan sun zo sun ga tsibiran? Dattijon ya ce shi dai bai ga kowa ba. An kira mahaifinsa ko wani masunci shaida? Dattijon ya yi dariya har yana tari, ya ce wa zai kira su. Baba ya ce to bai ji zafi ba?

Ya ce ya ji, sosai ma. Har yau in ya bi ta hanyar yamma ba ya son duban wajen. Sannan ya ce ƙanwarsa a Bahrain take aure, 'ya'yanta 'yan can ne. Shekarun da ake jan maganar, in ya je gidanta sai an yi ta kaffa-kaffa a kan tabarma, mijinta ya faɗi tasa, shi ya faɗi tasa, ita tana tsakiya tana zuba shayi. Da hukunci ya fito, a makon nan ya je. Mijin ya tare shi a ƙofa yana murmushin wanda ya ci, shi ma ya yi masa murmushin wanda ya ci, suka zauna suka ci shinkafa.

Baba ya ce in tambaye shi yadda ya iya cin abinci a gidan waɗanda suka karɓe wurin kamun kifin ubansa. Na fassara yadda zan iya. Dattijon ya ajiye ɗan kofinsa, ya yi maganar a hankali don Baba ya ji da kansa.

"Ya hajji, ni ban kai ƙara ba, ba a kuma kai ni ba. Ƙanwata ma haka. Shari'ar hukuma da hukuma ce. Sun gama, khalas, shi ke nan. In na ƙi gidanta, ni na yanke wannan hukuncin, ba su ba."

Ban fassara ba, don na ga ya ji. Abin da na yi ta zuba masa a Corniche ke nan, ƙasa da ƙasa kaɗai ke tsayawa, amma ni da na faɗa a matsayin darasi na faɗa, kuma a bakin 'yar da ya goya. Yanzu ga shi daga bakin tsoho irinsa, mai ciwon ƙafa irin nasa, wanda shi ma aka yi rabon ruwan ubansa ba a tambaye shi ba. Baba ya karɓi maganinsa ya haɗiye da gahawar da ba ya so, suka koma hirar iska da lokacin da kifi ke hawa.

Ban sake tayar da zancen ba, na koyi darasi. Washegari da kansa ya ce in ɗauko kujera mu tafi bakin teku. Muka yi tafiya mai ɗan tsawo, ya wuce jiragen bai kushe kowa ba. Da ya zauna, sai ya tambaye ni, yana kallon ruwa, wai a kotun nan ana taɓa yanke wa ƙasa hukunci ba a ba ta damar magana ba? Na ce a'a, kowane ɓangare sai an ba shi lokacinsa, sai dai in shi ya ƙi zuwa. Ya gyaɗa kai.

"Uwata, na san kuna waya da mutanen can. Ba tun yau na sani ba. Yaya jikin nasa?"

Ban yi masa kwana-kwana ba, na gaya masa abin da 'yar Baffa ta faɗa, da abin da ni na fahimta a ciki. Na ce in akwai abin da zai faɗa masa, kada ya jira ya koma gida. Ya ce in kira.

Layin can sai an yi haƙuri. Na kira ya katse, na sake kira, sannan 'yar Baffa ta ɗauka. Da na ce mata Baba ne ke son magana da mahaifinta, sai na ji tana salati ƙasa-ƙasa, na ji takunta da ƙarar labulen kaba. Na buɗe muryar wayar saboda kunnen Baba, na riƙe masa ita kusa da baki.

Muryar da ta fito ban gane ta ba. Baffan da na sani mai faɗa da ƙarfi ne, ana jin sa daga tsakiyar ruwa. Wannan siririya ce, tana hutawa tsakanin kalma da kalma. Ya ce, "Yaya?" Baba ya ce, "Na'am." Suka gaisa kamar waɗanda suka rabu jiya, ina gajiya, ina iyali, yaya jiki, da sauƙi, Allah ya ƙara sauƙi. Na ji tsoron kada a ƙare a gaisuwa, don na san halin mazan gidanmu, suna iya shekara ashirin ba magana sannan su ɓata damar a tambayar lafiyar awaki.

Sai Baba ya gyara murya. Ya ce shi ya yi shekaru yana zagin alƙalan da suka yanke masa hukunci ba su ji ta bakinsa ba. Ya ce yau yana so ya ji ta bakin ƙanensa. Me ya sa da aka tashi bai tashi ba?

Na zaci Baffa zai ce saboda matarsa 'yar can ce, ko saboda kifi, ko ya ce ƙasa duk ta Allah ce. Baffa ya ja numfashi, muna jin sa.

"Yaya, wakena ne bai nuna ba. Kai ka riga ka girbe naka, ni na yi lattin shuka. Na ce in na roro zan biyo ku, har na yi cinikin motar da za ta ɗauki kaya. Ina cikin sussuka ɗan aikenka ya zo, ya ce ka ce kada in kuskura in tako ƙofar gidanka. To ina za ni?"

Mutane suna ta wucewa ta gabanmu, masu gudu, masu tura keken jarirai. Baba ya sunkuyar da kai, ya dafa sandarsa da hannu biyu. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ran nan, suna bin gemunsa suna ɗiga a kan riga, bai share ba. Ni ma kuka nake yi, ina ƙoƙarin kada wayar ta kuɓuce mini.

"Ban tambaye ka ba," in ji Baba.

"Ba ka tambaya ba, Yaya."